Taku Arba'in da Uku

Aikin Baba Tsit, shekara talatin da ɗaya, shi ne ya tabbatar babu abin da ya motsa. In ya yi aikinsa da kyau ba wanda zai san ya zo. Shi ya sa da yawa daga ma'aikatan cibiyar binciken suka ɗauka wani maigadi ne da aka saukar ƙasan gini aka manta da shi.

Sunan ya samo shi ne daga yatsan da yake ɗorawa a leɓe duk lokacin da wani ya sauko matakala da ƙarfi. Ɗan mai gyaran agogo ne. Ya girma a ƙarƙashin teburin mahaifinsa, inda ko atishawa sai ka fita waje ka yi ta. Ya fara shigowa cibiyar ne cikin masu jan waya lokacin da ake gininta. Wani tsohon farfesa ya ga yadda yake rufe ƙofa ba a ji, ya ce a bar masa wannan. Ba a taɓa yi masa wata jarrabawa ba bayan wannan.

Ɗakinsa yana hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyarsa akwai na'ura mai leƙen abubuwan da suka fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta sau dubbai. Tana aiki da wata siririyar allura da ke bin saman abin da ake dubawa, kusa ƙwarai amma ba ta taɓa shi. In ƙasa ta girgiza ko da kaurin silin gashi da aka tsaga gida dubu, hoton ya lalace, wani lokaci har allurar ta karye. Saboda haka aka ɗora na'urar a kan teburi, teburin a kan dunƙulen kankare, kankaren kuma an raba shi da sauran ginin da rami mai faɗin yatsu huɗu. Teburin yana da kunnuwa da ke jin motsin ƙasa, da ƙafafu masu turawa. In ƙasa ta turo sama, su tura ƙasa. Abin da ya rage na girgiza yana fitowa a allon kwamfuta a matsayin layi. Layi miƙaƙƙe shi ne lafiya.

Baba Tsit yana karanta layin nan kamar yadda wasu ke karanta fuska. Ya san babbar mota mai kaya da wadda ta sauke. Ya san tashin famfon ruwa, da tsayuwar lif a hawa na uku. Ya san takun Darakta, ya kuma lura ya ƙara nauyi a makon da aka ba shi kujerar, tun kafin jikinsa ya biyo baya.

A layin ya fara sanin matarsa. Kullum da misalin ƙarfe goma na safe wani taku yana bi ta lungun da ke gaban ɗakin, ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi, da ɗan kakkarwar taya a tsakani. Ya yi mako biyu yana haƙuri, sannan ya fito da takarda a hannu don ya yi faɗa. Ya tarar da mai shara tana tura bokiti mai taya, tana ɗingishi, tana wani ɗan gunguni na waƙa marar kalmomi.

"Baiwar Allah, ki dubi abin da kike yi min," ya ce, ya miƙa mata takardar.

Ta duba, ta juya ta, ta mayar masa. "Malam, ƙafar haka aka ba ni ita. In kana da wata a aljihu, miƙo."

Bai da ita. Kafin shekara ta zagayo suka yi aure. A cibiyar ana ce mata Mai Bokiti, shi kuma a gida yana ce mata Uwar Auta, saboda 'yarsu ɗaya da ta rayu, wadda ta zama ta fari kuma auta a lokaci guda.

Tsohuwar na'ura ta jure wa takunta. Sabuwar da aka kawo shekara goma sha huɗu da suka wuce ba ta jure ba. Teburinta yana maganin girgizar da ke zuwa a hankali, amma dukan ƙafa kwatsam yake zuwa, kafin teburin ya ji ya mayar, ɓarna ta riga ta faru. Daga ɗakin ajiyar kayan shara zuwa matakala kuwa hanya ɗaya ce, ta gaban ƙofar na'ura. Darakta ya kira Baba Tsit ofis, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa kimiyya ba ta san aure ba, za a nemo mai ƙafa daidai.

"Yallaɓai, a ba ni wata biyu, zan koya mata tafiya."

Bai koya mata komai ba. Ya daɗe da sanin abin da ba wanda ya sani, cewa matarsa ta fi agogon bangon cibiyar daidaito. Daga rufe ƙofar ɗakin ajiya zuwa gindin matakala taku arba'in da uku ne, kullum, a kan kiɗan gungunin nan nata. Ya naɗi takunta na kwana arba'in, ya fitar da matsakaicinsu, ya kifar da shi, sama ta koma ƙasa, ya ɗora wa teburin a ƙwaƙwalwarsa. Sannan ya saka ɗan makunni a bayan ƙyauren ɗakin ajiya, ya bi da siririyar waya ta cikin bututun wayoyin da shi ya ja su tun yana saurayi. Daga ranar, da zarar ƙofar ta rufe, teburin ba ya jiran ya ji. Ya riga ya san mai zuwa. Ta taka, ya tura, ta ɗaga, ya saki. Layi ya miƙe.

Bai rubuta wannan a kowane littafi ba, shi da yake rubuta faɗuwar cokali. Ita ma bai gaya mata ba. Darakta ya yaba mata a gaban mutane, ta dawo gida tana taƙama.

"Ka gani ko? Tafiyar kyanwa nake yi yanzu. Kai da injinka ba ku jin wucewata."

"Ba ma ji kam," in ji shi.

"To a riƙa girmama mutane."

Shekara goma sha huɗu tana wannan alfaharin, yana gyaɗa kai.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi wata ɗaya ba. Ta kwanta ranar Talata tana cewa gajiya ce, tana damuwa da wa zai wanke tsumman goge-goge. Baba Tsit ya koma aiki da wuri fiye da yadda aka zata. Makonni uku ba a buɗe ɗakin ajiya ba, masu sharar sama ne ke leƙowa da nasu kayan. Layin ƙarfe goma ya zauna miƙe, kamar yadda ya saba a gaban kowa.

Sai aka ɗauki sabuwar mai shara, mace mai jiki ba nauyi da takalmin roba, wadda ke rungumar bokiti a hannu don ta ce tayarsa na ɓata mata rai. Ranar da ta fara aiki, Baba Tsit yana zaune gaban allo da kofin shayi, ƙarfe goma da minti shida, layi ya tashi. Mai nauyi, marar nauyi, kakkarwar taya. Mai nauyi, marar nauyi. Ya ƙirga ba da niyya ba. Arba'in da uku. Ya buɗe ƙofa ya leƙa lungun. Ba kowa sai ƙamshin sabulun wanke ƙasa.

Shayin ya huce a hannunsa. Mutum ne da ya yi imani da waya da makunni, amma ranar ko sau ɗaya wayarsa ba ta faɗo masa a rai ba. Shekara goma sha huɗu abin yana aiki ba a ganinsa, har wanda ya yi shi ya daina ganinsa.

Mai amfani da na'urar a lokacin wata masaniya ce da kowa ke kira Dakta, mace mai ƙarancin magana da ta shafe shekara biyu tana bin wani siririn ƙarfe da take fatan ya ba ta amsa. Awonta yakan ɗauki awa shida ba tsayawa, kuma duk inda ta fara shi da rana sai ya ratsa ƙarfe goma ko ya kai lokacin da manyan motoci ke cika titi. Kwana uku a jere hotonta ya fito da zane a tsakiya. A na huɗu allura ta karye.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ina dubawa, Dakta."

"Kai da kake gane wanda ya ci ya ƙoshi daga takunsa?"

A ranar ne takardar da ya buga ta zame daga teburi ta faɗi a kife. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tsaya a sunkuye. A kife ta fi kama da ita. Taku mai nauyi ya kamata ya fara nutsewa, na allon kuwa tashi yake fara yi. Ba ita ce ke wucewa ba. Teburin ne ke tarbar ta. Ƙofa ta rufe, ya shirya, ya tura wa ƙafar da ba ta sauka ba, sau arba'in da uku, ya koma ya jira gobe.

Gyaran bai fi minti ɗaya ba. Ya zauna, ya nemo wurin a kwamfuta, ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Sai ya ga ƙura a gefen allo, ya tashi neman tsumma. Washegari ma ya samu wani abin gogewa. Ba su da hotonta mai kyau a gida, ba ta son kyamara. Muryarta ba wanda ya naɗa. Abin da ya rage nata a duniya wanda ke motsi shi ne wannan, kuma ƙarfe tara da rabi ta fara samunsa a zaune gaban allo da wankakkiyar riga.

Labari ya hau sama. Maigadin ƙofa ya ce shi dama ya san Mai Bokiti ba ta gama sallama da wurin ba. Masinja ya daina sauka, yana ajiye takardu a saman matakala ya yi kira. Masu digiri suka yi dariyar jahilcin ƙananan ma'aikata, sannan suka fara sauka bibbiyu. Aka kawo injiniyoyi daga waje, suka kashe lif kwana biyu, suka canza wa famfo mazauni, suka rubuta rahoto mai shafi talatin da ke cewa a ci gaba da bincike. Baba Tsit ya riƙe musu tsani.

Darakta ya tara su. Kwamitin da ke tantance ɗakunan awo zai zo nan da mako biyar. In ɗakin bai ci jarrabawa ba, za a kwashe na'urar a kai wata cibiya, Dakta ta fara daga farko in ta samu gurbi a can, ɗakin kuma a zuba masa karyayyun kujeru.

"Baba Tsit, wata huɗu ya rage maka ka yi ritaya. Kada ka bar mana aljani a matsayin kyautar ban kwana."

Aka yi dariya. Dakta ba ta yi ba. A matakala ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, "Shekara biyu, Baba. Ban da wasu biyun."

Ya kwana biyu da maganar. A rana ta uku ya tare sabuwar mai shara a bakin ɗakin ajiya.

"'Yata, daga yau ni zan riƙa kai miki bokitin gindin matakala. Ke ki jira a can."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, ina da miji fa."

"Allah ya bar ku tare. Kawo bokitin."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Tunda teburin na jiran taku, a ba shi taku. Ya rufe ƙofar, ya tura bokitin, ya yi ɗingishi gwargwadon tunawarsa. Da ya dawo ya duba allo, sai ya tarar ya ninka ɓarnar, yanzu mutum biyu ne ke tafiya a layin, suna tuntuɓe da juna. Ya liƙa guntun roba a ƙasan takalmin hagu. Ya zuba ruwa a bokitin daidai inda tsatsa ta nuna nata ke tsayawa. Ya gwada da agogo a hannu. Takunsa ya kai arba'in da uku, amma ko ya riga ta ko ta riga shi. Shekara ashirin da bakwai yana tafiya a gefenta, ashe bai taɓa sanin inda take ɗan jinkirtawa ba. Gungunin ne ke riƙe da tafiyar, shi kuwa gungunin ya ɓace masa. Yana jin wurinsa a kunne, ba ya jin sautinsa.

Wata Asabar da hantsi Auta ta zo yi masa wanki. Malamar makaranta ce, tana da nata gidan, amma tun rasuwar take zuwa duk mako ta yi masa faɗa a kan abinci. Yana zaune a ɗaki ya ji shi daga wajen famfo, yana tashi yana sauka tare da cuɗar tufafi. Ya fito ba takalmi.

"Sake yi."

"Me zan sake?"

"Abin da kike yi da baki."

"Ni ban yi komai ba, Baba." Ta tsaya da kumfa a hannu. Sai ta gane. "Au, na Umma ne? Wallahi ban san ina yi ba."

Ya sa ta maimaita har ta gaji, yana zagaya tsakar gida da ƙafa ɗaya a nauyaye. Ta bi shi da ido, ba ta tambaya ba, amma ranar ba ta yi masa faɗan abinci ba.

Ranar Litinin ya rufe ƙofa, ya kama gungunin, ya tafi. A taku na goma sha bakwai, inda tayal ya ɗan tashi, waƙar tana da wani ɗan ja, nan ne take jinkirtawa. Ya isa matakala, ya miƙa bokiti, ya dawo. Layin bai miƙe sarai ba, amma ya kwanta. Bayan kwana tara ya miƙe. Ya tsaya yana kallonsa. Ya yi duk wannan don kada ya rasa ta a allon, ga shi sai ranar da ya yi ta daidai ne ba ya ganinta.

Kwamiti ya zo, ya auna kwana uku, ya sa hannu. Ɗaya daga cikinsu ya ga dattijo yana tura bokiti yana ɗingishi, ya yaba wa cibiyar da ba ta wulaƙanta nakasassu. Darakta ya karɓi yabon. A rahoto aka rubuta cewa an gano matsalar an magance ta, ba a faɗi wace ce ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Dakta ce ta tambaya, bayan ta gama awonta. Ta same shi yana goge allo, ta ja kujera.

"Baba, in ka wuce hannu sake da azahar, ina ganinka a layi. Kaɗan, amma ina gani. In ka wuce da bokiti kana dukan ƙasa ƙarfe goma, ba na ganin komai. Na bi wayar jiya. Har bayan ƙyaure."

Ya ci gaba da gogewa.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan na'urar."

"Ta sani?"

"A'a. Ita kyanwa ce, a wajenta."

Dakta ta ce, "Ka karya min allura biyu."

"Uku, Dakta. Ɗayar na canza kafin ki zo."

"To madalla." Ta murza ido. "Ba zan kai ka sama ba. Amma ranar da ka tafi wa zai tura bokitin? Ni ce zan koyi ɗingishi? Ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai? Ni ba zan taɓa abin da ka ɗora wa teburin ba, Baba. Kai ka saka."

Ya tura bokitin sauran makonnin ba fashi. Ranar ƙarshe ya zo da Auta, ya sa ta cire takalmi a saman matakala. Na'urar tana kashe, an ɗage allura. Ƙarfe goma Dakta ta je da kanta ta buɗe ɗakin ajiya, ta rufe, ta tsaya cak a wurin.

Layi ya tashi. Auta ta dubi allo, ta dubi ƙofa, ta sake duban allo. Teburin ba ya ƙara, amma in ka ɗora tafin hannu a gefensa za ka ji. Baba Tsit ya kama hannunta ya ɗora. Mai nauyi, marar nauyi. A na goma sha bakwai ta ɗan ja numfashi. Suka tsaya har arba'in da uku suka cika.

Ya buga takardar, ya kifar da ita, ya miƙa mata. "Haka ake riƙewa."

Sannan ya zauna ya danna maɓallin gogewa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya yi masa wannan tambayar a ginin. Ya danna eh. Ya je bayan ƙyaure ya kwance makunnin, ya sa a aljihu.

An yi masa ɗan taro a sama, aka ba shi agogon bango, wanda ya lura yana gudu da minti biyu. Amma kafin nan, lokacin da yake barin ɗakin, Dakta tana zaune gaban allo ta ga fitarsa. Ba bokiti, ba roba a takalmi, teburin kuma ba ya jiran kowa. Layin ya nuna taku mai nauyi da marar nauyi, a miƙe ba a kife ba, daga ƙofa har matakala.

Auta ta kai shi asibiti sau biyu a kan ƙafar. An ɗauki hoto, an ƙwanƙwasa gwiwa, likita ya ce ƙalau take. Har yanzu haka yake tafiya.